Burbushin ƙasusuwan birai masu cin ganye: me aka tono, kuma ina Musulmi zai tsaya?

Tambaya

Mu iyaye ne da malaman Islamiyya a yankin Gaya da Ajingi. 'Ya'yanmu na ajin ƙarshe a sakandare suna karanta darasin juyin halitta saboda jarrabawar WAEC da NECO, ga shi kuma a 'yan shekarun nan ana ta jin labarin an tono ƙasusuwan birai masu shekaru miliyoyi, har a ƙasar Chadi maƙwabciyarmu. Wasu cikinmu sun ce duk ƙaryar Turawa ce, domin birai jikokin mutanen da aka shafe ne. Wasu matasa kuma sun fara shakka a kan halittar Annabi Adamu. Mene ne gaskiyar wannan al'amari, kuma me za mu gaya wa yaranmu?

Taƙaitacciyar amsa

Ƙasusuwan na gaske ne, kuma daɗewarsu ba ta saɓa wa wani nassi ba. Hadisi ingantacce ya nuna birai sun riga mutanen da aka shafe. Yadda nau'o'in dabbobi suka danganta da juna magana ce ta bincike, tana ƙarfi tana rauni gwargwadon hujjarta. Halittar Annabi Adamu (AS) daga ƙasa ba tare da uwa ko uba ba kuwa aƙida ce tabbatacciya, kuma haƙorin biri ba shi da abin cewa a kanta.

Amsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ke ma ki sani, ya ke 'yar'uwa, malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa. Saboda haka za mu fara da bayanin abin da aka tono, sannan mu zo ga hukunci.

Da farko: waɗanne birai ake nufi?

Birin da ka sani a ƙasar Hausa, wato jan biri mai ɓarnar gyada da gero, da kirka, da gwaggon biri irin na Dajin Falgore, duk dangi ɗaya ne. Suna da 'yar jaka a cikin kumatu inda suke cusa abinci su gudu da shi, kuma suna cin kusan duk abin da suka samu: 'ya'yan itace, hatsi, ƙwari, saiwa.

Akwai wani dangi na biyu da masana ke kira kolobas da 'yan'uwansa. Waɗannan ba su da jakar kumatu. Allah Ya ba su tumbi mai ɗaki uku ko huɗu, kusan irin na akuya da saniya, cike da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke narkar musu da ganye. Mataunansu suna da dogayen tsinaye masu kaifi da ke yanka ganye kamar almakashi. Na Afirka cikinsu babban yatsan hannunsu ya zama ɗan guntu ƙwarai, kuma daga nan sunan ya samo asali, domin kalmar a harshen Girka tana nufin mai dungu. A Najeriya akwai baƙin kolobas mai farin geza a gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihohin Taraba da Adamawa, akwai kuma jan kolobas na yankin Neja Delta wanda masana ba su san da shi ba sai a 1993, kuma yanzu yana gab da ƙarewa saboda sare daji da farauta. Danginsu na Asiya suna Indiya da Sin da tsibirin Borniyo.

Na biyu: me aka tono, kuma a ina?

A 1839 wani masani Bajamushe, Andreas Wagner, ya ba da suna Mesopithecus ga wani biri na wannan dangi da aka tono a Pikermi, kusa da birnin Atina na Girka. Daga baya an sami ƙasusuwansa a ƙasashe da dama na Turai da Asiya, kuma a 2020 aka sanar da samun sa a lardin Yunnan na ƙasar Sin, a cikin ƙasa mai shekaru kimanin miliyan 6.4.

Mafi tsufa cikin abin da aka samu daga Kenya ya fito. A 2010 masu bincike suka bayyana sassan ƙwarangwal biyu na wani ƙaramin biri mai suna Microcolobus daga Nakali, mai shekaru tsakanin miliyan 9.8 da 9.9. Gaɓoɓinsa sun nuna mazaunin bishiya ne kamar kolobas na yau, amma babban yatsansa cikakke ne. A 2013 kuma James Rossie da Christopher Gilbert da Andrew Hill suka bayyana haƙora biyu daga tsaunukan Tugen masu shekaru miliyan 12.5. Ka lura da adadin: haƙora biyu. Siffarsu ta wannan dangi ce, amma ta nuna masu su ba su dogara da ganye kamar na yau ba.

Wanda ya fi kusa da ku shi ne na Chadi. Ruwan saman da ya zuba a gonakin Gaya da Ajingi yana gangarawa kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Ke nan ku mutanen kwarin Chadi ne, kuna gefensa na yamma, inda dutsen ƙarƙashin ƙasar Kano ke nutsewa a ƙarƙashin yashi da lakar da suka taru tun zamanin da. A can arewa maso gabashin wannan kwari, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga gare ku, akwai hamadar Jurab, kuma a cikinta akwai wani wuri mai suna Toros-Menalla. Iska tana kwashe rairayi a wurin tana tone ƙasusuwan kifi da kada da dorina, alamar cewa inda yake hamada a yau ya taɓa zama bakin tafki mai itatuwa. A 2019 Laurent Pallas da abokan aikinsa suka bayyana wani biri na wannan dangi daga wurin, suka sa masa suna Cercopithecoides bruneti, don girmama Michel Brunet, Bafaranshen da ya jagoranci tono a yankin tare da masanan Chadi. An kiyasta shekarunsa miliyan 7.

Abin da masu bincike suka fahimta daga waɗannan shi ne cewa wannan dangi ya daɗe a Afirka, daga nan ya bazu zuwa Turai da Asiya, kuma siffofin da aka san shi da su a yau ba lokaci ɗaya suka bayyana a cikin ƙasa ba: hawan bishiya ya riga guntulewar yatsa, haƙoran farko kuma ba su kai na yau dacewa da ganye ba.

Na uku: ka raba maganar gida uku

Mafi yawan ruɗanin da ake samu ya zo ne daga cakuɗa abubuwa uku da ba matsayinsu ɗaya ba.

Gida na farko shi ne abin da ake gani da ido a taɓa da hannu: ƙashi da haƙori da suka daskare suka zama dutse. Wannan ba a musun sa. Ba sai ka je Kenya ba. A ƙasar Sakkwato an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare, har aka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A Gadufawa ta ƙasar Nijar an tono manyan dabbobin da suka ƙare, kuma duk wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai ga ƙwarangwal irin nasu a tsaye. Malamanmu na da ma sun san wannan. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin yadda dabbobi da tsirrai ke zama dutse. Al-Biruni ya dubi duwatsun kwarin Indiya ya fahimci wurin ya taɓa zama teku da laka ta cike. Babu wanda ya ce sun fita daga addini saboda wannan.

Gida na biyu shi ne abin da ake aunawa ko a ciro da dalili. Shekarun ƙasusuwan Kenya an same su ne ta hanyar auna tokar duwatsu masu aman wuta da ke sama da ƙasan inda ƙashin yake, domin akwai sinadarin da ke sauyawa zuwa wani a cikin tokar bisa ƙa'ida sananniya. A Toros-Menalla an kwatanta dabbobin wurin da na wasu wurare da aka san shekarunsu, sannan a 2008 aka auna da wani sinadarin dabam, awon ya ba da tsakanin shekaru miliyan 6.8 da 7.2. Hanyoyi biyu mabambanta sun kai ga amsa kusan ɗaya, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Maganar abinci ba ta kai wannan ƙarfi ba. Tumbi nama ne, ba ya zama dutse, saboda haka babu wanda ya taɓa ganin tumbin Microcolobus. Daga siffar haƙori da lalacewarsa ake hasashe. Haka zanen wane ya fito daga wane: ra'ayi ne da ake ginawa a kan ɗan abin da aka samu, kuma yana canzawa. Kafin 2010 ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne kakannin kolobas a ƙasa suke yawo, daga baya suka koma bishiya. Ƙasusuwan Nakali suka zo suka girgiza wannan ra'ayi. Kafin 2013 kuma ba a san wannan dangi ya kai shekaru miliyan 12.5 ba, haƙora biyu suka ƙara masa kusan miliyan 3. Wannan ba aibi ba ne ga bincike, haka yake tafiya. Amma ya ishe ka sanin cewa ba a ba hasashe matsayin yaƙini.

Gida na uku shi ne abin da wasu ke ɗorawa daga falsafarsu, cewa tunda an ga halittu sun sauya to babu Mahalicci, komai haɗari ne. Wannan magana ba a cikin ƙasa aka tono ta ba. Babu awon da ke nuna ta, kuma ɓatacciya ce a hankalce da shari'ance. Wanda ya san yadda gero ke tsirowa daga ƙwaya zuwa zangarniya bai kore Wanda Ya tsirar da shi ba.

Na huɗu: shin birai jikokin waɗanda aka shafe ne?

A'a. Gaskiya ne Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen da suka ƙetare iyaka a ranar Asabar aka mayar da su birai, a Suratul Baƙara aya ta 65 da Suratul A'araf aya ta 166, kuma mun yi imani da wannan. Amma Imam Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) cewa an tambayi Annabi (SAW) ko birai da aladu daga cikin waɗanda aka shafe suke, sai ya bayyana cewa Allah ba Ya sanya wa wanda aka shafe zuriya, kuma birai da aladu suna nan tun kafin wannan. Ka ga ke nan mai musun tsofaffin ƙasusuwan birai da hujjar shafewa ya saɓa wa hadisi ba tare da ya sani ba. Biri dabba ce cikin dabbobin Allah, al'umma ce mai zaman kanta kamar yadda Suratul An'am aya ta 38 ta siffanta dabbobi da tsuntsaye.

Na biyar: shin miliyoyin shekaru sun saɓa wa Alƙur'ani?

Babu aya ko hadisi ingantacce da ya ƙayyade shekarun duniya. Lissafin shekaru dubu shida ko bakwai da ke yawo a bakin mutane daga Ahlul Kitabi ya shigo. Wani limamin kirista na Ayalan, James Ussher, shi ne ya lissafa a 1650 cewa an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya riga ya bayyana cewa Musulmi ba su da wani adadi yankakke a wannan babi. Kwanaki shida na halittar sammai da ƙasa mun yi imani da su, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu a Suratul Hajji da Suratus Sajda, da mai tsawon shekara dubu hamsin a Suratul Ma'arij. Saboda haka kada ka ɗora wa addini nauyin kare lissafin da bai zo da shi ba. Suratul Ankabut aya ta 20 ma umarni ta yi da tafiya a bayan ƙasa domin duba yadda aka fara halitta.

Na shida: ina maganar Annabi Adamu?

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Hausawa na cewa biri ya yi kama da mutum, amma kama ba ta tabbatar da nasaba. Ko a wurin masana juyin halitta, kolobas ba kakan mutum ba ne, reshe ne dabam na birai masu wutsiya. Duk wanda ya nuna wa ɗanka hoton haƙorin Tugen ya ce ga kakan mutane, bai fahimci ko maganar masu binciken ba.

Sai dai ba za mu ɓoye maka ba: mafi yawan masana wannan fanni suna cewa mutum da manyan birai marasa wutsiya kaka ɗaya suka haɗa. A Toros-Menalla ɗin nan ne a watan Yulin 2001 wani ɗan Chadi cikin tawagar Brunet, Ahounta Djimdoumalbaye, ya gano ƙoƙon kan da aka yi wa laƙabi da Tumai, wanda wasu ke cewa shi ne mafi tsufa a layin ɗan Adam, ko da yake har yau masanan suna jayayya a kan ko da ƙafa biyu yake tafiya. Shi ya sa duk labarin da ya fito daga wurin ake cakuɗa shi da maganar asalin mutum.

Matsayinmu a fili yake. Nassoshi masu yawa, waɗanda ba sa ɗaukar tawili, sun tabbatar da cewa Allah Ya halicci Adamu daga ƙasa, Ya busa masa rai, Ya sa mala'iku suka yi masa sujada, kuma dukkan mutane daga gare shi da Hauwa'u suke. Suratu Ali Imrana aya ta 59 ta kwatanta halittar Isa da ta Adamu. Likita zai gaya maka ba a haihuwa sai da uba, kuma gaskiya ya faɗa a bisa al'ada, amma wannan bai sa mu musun haihuwar Isa ba. Haka halittar Adamu: gaibu ce da wahayi ya ba da labari, ba a tono ta ba a auna ta. Tumai da makamantansa halittu ne da Allah Ya yi suka rayu suka ƙare, kuma babu abin da ke jikin ƙashi da zai nuna shi uban Adamu ne.

Game da dabbobi kuwa, nassi ya tabbatar Allah ne Mahaliccinsu, bai fayyace mana ko kowane nau'i an yi shi kai tsaye ko wani ya fito daga wani bisa ƙaddarawarSa ba. Malaman zamani sun saɓa: wasu sun ƙi ka'idar gaba ɗayanta, wasu sun ce abin da nassi ya yi shiru a kansa a bar shi ga bincike, ba a tabbatar da shi da sunan addini ba a kore shi da sunan addini. Wanda ya ɗauki ɗayan biyun, matuƙar ya riƙe cewa Allah ne Mahalicci kuma ya gaskata labarin Adamu, ba a kafirta shi.

Na bakwai: me za ku yi da yaranku?

Kada ku ce musu duk ƙarya ce. Yaron da aka gaya wa haka, ran da ya je jami'a ya ga ƙashin da idonsa zai fara zargin duk abin da kuka koya masa, har da wanda yake gaskiya. Wannan ita ce ƙofar da shakka ta fi shigowa ta cikinta. Ku koya musu raba gidajen nan uku, su riƙa tambaya a kan kowane labari: me aka samu, nawa ne, yaya aka auna, ina ne hasashe ya fara?

Ya halatta ɗalibi ya karanta darasin ya amsa tambayar jarrabawa a matsayin mai ba da labarin abin da Darwin ko Lamarck suka faɗa, domin mai hakaito magana ba shi ne mai ita ba. Malamin da ke koyar da abin da ke cikin manhaja shi ma ba a jifan sa da kafirci, kuma yana da kyau idan ya zo kan asalin mutum ya bayyana wa ɗalibai abin da Musulmi suka yi imani da shi. Malaman Islamiyya su karantar da ƙissar Adamu da dalilanta ga 'yan sakandare kafin su haɗu da darasin, maza da mata, domin uwa ce ta fi jin tambayar yaro a gida.

Kada kuma ku hana su wannan ilimi. Masanin da ke karanta shimfiɗun ƙasa ya san inda ƙashi yake shi ne mai gaya muku inda za a haƙa rijiyar burtsatse a sami ruwa, kuma a yankinku da dutse da yashi suka yi iyaka, wannan sani shi ne bambanci tsakanin rijiya mai ruwa da asarar kuɗin jama'a. Masu neman man fetur, irin aikin da aka ƙaddamar a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a watan Nuwamban 2022, da burbushin ƙananan halittu suke gane shekarun dutse. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil kusa da ku, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya. Ilimin da al'umma ke buƙata farilla ce ta kifaya, kuma ya fi kyau a sami 'ya'yanku masu Alƙur'ani a ƙirji suna wannan bincike da kansu.

Idan mai haƙar rijiya ko mai ɗiban yashi ya ci karo da wani baƙon ƙashi ko tsohon abu, kada a farfasa shi, kada a mayar da shi abin tsafi ko magani. A sanar da hukuma ko gidan tarihi irin Gidan Makama a Kano. Kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, mai shekaru kimanin 8,000, wani makiyayi ne ya gano shi a 1987 yana haƙar rijiya, kuma sanarwar da aka yi ce ta sa aka tsira da shi.

Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare imaninmu da na zuriyarmu.

Allah ne Mafi sani.